Ƙishin da Na Ɓoye a Bayan Allon Kawunku

Bashir da Sadiya, wannan babin naku ne ku biyu, amma kai Bashir ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta. Shekara shida ke nan ƙafarka ba ta taka zauren Kawunku Malam Idi ba. Ran Sallah kakan taso daga unguwar Aveji da motarka, ka gaishe ni, ka gaishe da maƙwabta har da mai sharar masallaci, sannan ka zagaya ta bayan layi don kada ka bi ta ƙofar yayana. Ina gani, ina yin shiru. Kuna cewa shi ya kusa kashe ni da gorunan rubutu a shekarar da na fara wankin ƙoda. Ba shi ba ne, ni ce, kuma zan faɗi yadda aka yi tun bakina yana daidai.

Kun san ni da tukunya kuka tashi kuka gan ni. Fiye da shekara talatin ina sayar da wake da shinkafa a bakin hanyar unguwarmu ta Zongo a nan Lome, kuma direbobin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai da Wagadugu ba sa kama hanya sai sun tsaya wurin Ladi Mai Wake. Ban taɓa auna gishiri da cokali ba, da harshe nake aunawa. In ɗanɗana wake, in ɗanɗana miya, in ɗanɗana yaji, in ƙara dunƙule, in sake ɗanɗanawa. Da aka ce ina da hawan jini, na karɓi ƙwayoyin na ajiye a cikin kwanon goro, sai ran da kaina ya sara nake tunawa da su. Da aka ce sukari ya zo ya same shi, na ce to su zauna tare, ni ina da aiki. Haka na yi ta kunnen uwar shegu har ƙafafuna suka kumbura, zoben hannuna ya ƙi fita, numfashi ya fara gagarata in na kwanta. Likita ya duba takardun gwaji ya ce ƙodojin sun gaji, ba za su ƙara tashi ba, sai dai inji ya riƙa yi musu aikinsu.

Talata da Juma'a nake zuwa ɗakin wankin ƙoda a asibiti, a kwanta awa huɗu, jini ya fita ta wannan roba ya dawo ta waccan. Wadda ta fi kula da ni a ɗakin wata nas ce Ba'ewiya, wato 'yar ƙabilar Ewe, gajera mai faɗin murya, kowa yana ce mata Da Afi. A Zongo ta yi ƙuruciyarta, don haka Hausarta ta ishe ta yin faɗa da ni, kuma ta yi amfani da ita yadda ya kamata. Kafin a haɗa mutum da inji sai ya hau sikeli, in an gama ya sake hawa. Ranar farko ta zaunar da ni da Sadiya, ta ɗora wata 'yar gora a kan tebur, irin ƙaramar nan ta ruwan sha.

"Hajiya, wannan ce rabonki a yini. Koko a ciki, shayi a ciki, romon miya a ciki. Abin da kika sha ba shi da ƙofar fita sai ran da kika zo nan."

Na ce, "Wannan ai ko kurkurar baki ba ta isa ba."

Ta ce, "To ki kurkure ki tofar."

Sannan ta yi mini bayanin da na ji da kunne amma ban bari ya sauka zuciya ba. Ta ce mu masu wankin ƙoda mun fi sauran mutane kusa da shanyewar ɓarin jiki, musamman a watannin farko. Ruwan da ya taru a jiki shi ke tura jini ya hau, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa sukari da shekaru sun riga sun cinye ƙarfinsu, ko su toshe ko su fashe. In kuma mutum ya zo da ruwa mai yawa, dole inji ya ja shi da sauri, jinin ya faɗi ƙasa lokaci guda, wannan ma ƙwaƙwalwa ba ta so. Ta ƙirga mini nawa a yatsunta, hawan jini, sukari, shekaru, da zuciyata da likita ya ce wani lokaci takan yi tsalle a bugunta. Ta ce shekaru ba ta da yadda za ta yi da su, amma gishiri da ruwa da shan magani a hannuna suke.

A gadon da ke kusa da nawa akwai Alhaji Tanko, tsohon direban tirela, wanda ya daɗe yana cin wakena. Mutum ne mai barkwanci, shi ke sa awa huɗun nan ta wuce. Yakan ce inji ya wanke masa jini, sigari ta mayar masa da kayanta, kowa ya yi aikinsa. In tafiya ta taso masa sai ya tsallake wanki ɗaya, ya dawo fuska kamar an hura. Wata Talata na tarar da gadonsa da wani mutum. Da na je dubiya gidansa a unguwar Kege, na same shi a jingine da bango, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba, matarsa tana goge masa gefen baki. Ya gane ni, ya buɗe baki zai yi mini tsiyar da ya saba, maganar ta ƙi fitowa. Sai hawaye. Na fito daga gidan nan na ji tsoro ƙwarai, amma tsoron bai kai ƙarfin ƙishina ba.

Ku da kuke buɗe firij ku sha ku zubar da saura ba ku san ƙishi ba. A zafin Lome na watan Maris, harshena yakan manne da dasashi, in ji muryar masu tallar piya wata a titi kamar da sunana suke kira. Ina alwala ina kallon ruwan da ke zuba daga hannuna ina jin haushinsa. Ga shi ban bar tukunya ba, kullum da safe ina ɗanɗana gishiri, gishirin yana ƙara hura mini wutar. Ke kuma Sadiya kin zama soja a gidan. Kin dawo daga ofishinku na tashar jirgi da alƙalami, kin ja layi a jikin gorar, kin hana kowa miƙo mini ko kofi. Na haife ki, amma a watannin nan na ji haushinki ba kaɗan ba.

To a nan Kawunku ya shigo, ba da saninsa ba. Kun san al'adarmu a Zongo, ba a kwanciya ciwo a rasa rubutun sha. Tun muna yara, ko zazzaɓi ne ya kama ni, Yaya Idi ke ɗaukar allo ya rubuta ayoyin waraka, ya wanke a ƙwarya ya ba ni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Da ya ji an fara mini wanki, ya aiko da rubutu a ɗan kofi. Na kai baki, na ji sanyinsa ya bi maƙogwarona, sai wata dabara ta faɗo mini. Na ga ruwan da babu mai iya hana ni a duk faɗin Zongo. Washegari bayan la'asar na yafa mayafi na tafi zaurensa da babbar gora a cikin jaka.

Ya ce, "Ladi, me likitocin suka ce?"

Na ce, "Sun ce a dage da addu'a, Yaya."

Ban yi masa maganar 'yar gorar Da Afi ba, ko da wasa. Na ce masa tawadar tana yi mini ɗaci, ya riƙa tsinka ta da ruwa sosai. Bawan Allah ya ji daɗi ƙanwarsa ta riƙe addu'a. Kullum sai ya ajiye karatun manyan ɗalibansa ya cika allo gaba da baya, ya wanke, ya cika mini gora har wuya. Ni kuma in kawo gida in sa a firij, in ya yi raɓa in rufe ƙofa in ɗaga kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ayoyin nake nema ba a lokacin, sanyin nake nema. Allah ya yafe mini.

Sadiya ce ta fara magana. Ta buɗe firij ta ga goruna biyu masu baƙin ruwa, ta tsaya tana juya su.

"Mma, atansiyo fa, a yi hattara. Wannan ma ruwa ne. Ya kamata ya shiga lissafin gorar."

Na tashi zaune na ce, "Ayar Allah kike kira ruwa? Abin da makarantar Faransi ta koya miki ke nan? To je ki zubar a kwata in gani."

Ke Sadiya kika mayar da gorunan kika rufe firij. Na san ba za ki iya ba, shi ya sa na faɗa. Na ɗauki abin da kike girmamawa na toshe miki baki da shi, kuma a ranar har daɗi na ji na ci nasara. A asibiti kuwa sikeli ba ya jin wa'azi. Da Afi ta riƙa duban lambar tana dubana, awon jinina kullum yana sama, in an haɗa ni da inji kuma kafin a gama sai jiri ya ɗebe ni, ƙafafuna su ɗaure. Ta tambaye ni me nake sha. Na rantse mata ban wuce gorata ba, kuma a raina na ce ai ban yi ƙarya ba, tunda rubutu ba ruwa ba ne.

Ranar da abin ya faru Litinin ce. Daga wankin Juma'a zuwa na Talata kwana huɗu ne, kuma Da Afi ta sha gaya mini ƙarshen wannan dogon tazarar shi ne lokacin da ya fi haɗari, don jiki ya cika. Tun safe kaina ke sarawa, ban sha ƙwayar hawan jini ba saboda ta ƙare ban faɗa wa kowa ba. Bayan la'asar na je zauren Yaya kamar kullum. Ya miƙo mini gorar, na sa hannun dama zan karɓa, sai ta sulluɓe ta faɗi a kan buzu. Na sake kai hannu, hannun ya ƙi rufuwa. Na buɗe baki zan ce masa ba komai, abin da ya fito ban san ko wane yare ba ne. Yaya ya ƙura mini ido.

"Ladi, dube ni. Yi murmushi."

Na yi. Daga yadda fuskarsa ta canza na san ɓari ɗaya ne ya motsa.

Bashir, ga abin da ba ka sani ba. Allo yana gefensa, tawada tana gefensa, mutanen da ke zauren suna cewa a yi mata tofi, a kwantar da ita, iska ce. Kawunka bai taɓa allon nan ba. Ya fita titi ba takalmi, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, ya tsaya a gaban taksi har ta tsaya. Shi da wani maƙwabci suka ɗauke ni suka sa a baya. Yana riƙe da kaina yana karanta abin da yake karantawa, yana ce wa direba ya ƙara wuta. Kafin mu yi rabin hanya sai na ji hannuna ya dawo, harshena ya saki. Na ce masa na warke, mu koma gida, kada a tara mini jama'a.

Ya ce, "Ko kin tashi kin yi rawa a motar nan, sai likita ya gan ki."

Likita ya ce wannan gargaɗi ne. Jini ya ɗan yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa sannan ya dawo, kuma mai irin wannan in bai gyara ba, babban yana iya biyowa cikin kwanaki. Ya ce da mun koma gida, da wataƙila labarin ya zama irin na Alhaji Tanko. Aka yi mini hoton kai, aka haɗa ni da inji a ranar, aka kwantar da ni. Kuna isowa Da Afi ta nuna muku lambobin sikeli na wata biyu ta ce ruwan nan daga wani wuri yake zuwa. Sadiya ta fashe da kuka ta faɗi maganar gorunan firij. Kai kuma ka fita baranda inda Kawunka ke zaune a kan benci, ƙafarsa duk ƙura, ka wanke shi tas a gaban mutane. Ka ce malamai irinsa ke kashe marasa lafiya. Ka ce kada ya ƙara aiko da ko ɗigo gidanmu. Na ji abin da ya ce maka, don ƙofar a buɗe take.

"Allah ya ba ta lafiya, Bashiru. Allah ya yi maka albarka."

Ina kwance ina jin komai. Bakina ya riga ya dawo daidai, da na so da na ɗaga murya na ce ƙarya na yi masa. Sai na rufe ido na yi kamar barci nake. Kunya ce ta hana ni, kunyar 'ya'yana su san uwarsu Hajiya guda ta yi wa yayanta wayo saboda ruwan sanyi. Wannan shirun ya fi ciwon ƙodar nauyi a zuciyata, kuma na ɗauke shi shekara shida.

Bayan an sallame ni da kwana uku ya zo gida da hantsi, lokacin da ya san kuna wurin aiki. Ya zauna a bakin ƙofa, muka gaisa. Na fara kame-kame, sai kuka ya ƙwace mini, na faɗa masa duka, har da maganar ɗacin tawada. Da na gama sai ya ce:

"Tun a asibiti na gane, da na ji nas tana maganar gora. Na ji zafi, Ladi. Da hannuna na riƙa cika miki abin da zai kwantar da ke."

Na ce, "Zan gaya wa yaran."

Ya ce, "Bar su tukuna. In suna jin haushina za su fi tsare ki. In suka san ke ce, faɗa za ku yi ta yi, jininki ya hau."

Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙaramin kofin shayi, irin na gilashi, an rufe bakinsa da leda. Abin da ke ciki bai fi cokali biyu ba, baƙi ƙirin. Ashe kafin ya zo sai da ya koma asibitin da ƙafarsa ya nemi Da Afi, ya tambaye ta nawa ne ba zai cutar ba. Ta ce cokali biyu, kuma a cire su daga rabon gorar.

"Ayoyin ba su ragu ba, ruwan ne ya ragu. Albarkar ba a yawan ruwa take ba. Shanye, kuma kada ki ce mini da ɗaci."

Da ɗaci kuwa, amma na shanye, muka yi dariya ni da shi har na share hawaye.

Daga ranar na ɗauki shawarar da ta fi yi mini wuya a rayuwata, na sauka daga kan tukunya. Na bar wa Hajara, 'yar ƙanwar babanku da ta daɗe tana taya ni, ludayin da wurin da masu ciniki. Watannin farko in na ji ƙamshin wakenta daga ɗaki sai in ji kamar an yi mini kishiyar sana'a, in aika a ce mata gishirin bai ji ba alhali ban ɗanɗana ba. Abincina aka koma dafa shi daban, ba dunƙule, ba kanwa, gishiri ɗan kaɗan, sai albasa da citta da tafarnuwa. Abin mamaki, da gishirin ya ragu sai ƙishin ya ragu da kansa. In ya matsa mini, in tsotsi ƙanƙara guda ko ɓarin lemun tsami. Ƙwayoyina suka bar kwanon goro suka koma kusa da carbi, inda ba zan manta ba. Sadiya ta sayo na'urar awon jini, ni da kaina nake ɗaurawa kowace safiya. Ban ƙara tsallake wanki ba, ko ranar sunan ɗanka, Bashir, sai da na je na dawo aka ci shinkafa da ni. Yanzu in an kawo sabon mutum ɗakin wanki, musamman namu na Zongo, Da Afi takan turo shi gadona ta ce Hajiya ta yi masa bayani. Abin da nake fara tambaya shi ne, wa ke yi maka rubutu, kuma a wace irin gora.

Ban ce na warke ba, ƙoda ba ta dawowa, kuma likita bai taɓa ce mini haɗarin ya wuce ba. Amma shekara shida ke nan ina tafiya masallaci da ƙafata, ina ɗaura ɗankwalina da hannuna, ina yi wa jikokina faɗa da bakin da ba ya karkace. Alhaji Tanko ma, da gashi da motsa jiki, ya kai ga yana cewa "Ladi" a fili, kuma ya bar sigari. Na gode wa Allah, na gode wa Da Afi, na gode wa Sadiya da na zaga a kan gaskiyarta. Ki yafe mini, 'yata, ruwa ne, kin faɗi daidai.

A duk shekarun nan, kowace Alhamis da hantsi Kawunku yana takowa da ɗan kofin nan a aljihu, ya zo lokacin da ba za ku haɗu ba, don kada ranka ya ɓaci, Bashir. Sau da yawa na ce zan faɗa muku, ya ce in bari. Wannan karon ban nemi izininsa ba. Tun bayan azumi gwiwoyinsa suka ƙi, ko masallaci sai an riƙe shi. Har yanzu yana rubutawa, a hankali, hancinsa kusa da allo, amma ba ya iya kawowa. Makon jiya kofin ya kwana biyu a zaurensa ba wanda ya ɗauko.

Zan iya aiken kowa a unguwar nan, amma ba zan aika ba. Ran Alhamis ka bar motarka a ƙofata, ka bi ta gaban layi, ba ta baya ba. Ka cire takalmi ka shiga ka durƙusa ka gaishe da mutumin da ya tsaya a gaban taksi ba takalmi saboda uwarka. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, na san shi, ba zai bari ka gama ba. Ka karɓo mini kofina, ka riƙe shi da kyau kada ya zube, cokali biyu ne kawai a ciki.